BAKAN KAKANA DA FATUN DA KE JIKINSA

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne wani littafin yaƙi da na karanta kwanan baya, inda marubucin ya ba jaruminsa baka mai lanƙwasa irin na finafinan Indiya, da kibau masu gashin tsuntsu a gindi, alhali kuwa ya ce a ƙasar Hausa ake labarin. Na yi dariya, daga baya kuma abin ya dame ni, domin a zauren gidanmu a Kurfi akwai bakan kakana, Allah Ya jiƙansa, yana nan rataye tun kafin a haife ni, ni kaina kuma sai da na girma na san abin da ke jikinsa.

Mai karatu, wannan yanki namu ya san kwari da baka. Ko sunan Dutsin-Ma, a faɗar magabata, ya samo asali ne daga wani maharbi mai suna Ma wanda ya zauna a kan dutsen. Bayan da Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina a wajajen 1807, tsohuwar sarautar ta koma Maraɗi, daga can kuma aka shafe shekaru ana kawo hari kudu. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya biyo ta Kurfi a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, ganuwar garin da ramukan da aka haƙa a gabanta sun ɗauke masa hankali har ya zana su a littafinsa. Ganuwa kuwa ba ta tsare kanta. Mai doki da lifidi ɗan gata ne. Talaka da ƙafa yake zuwa yaƙi, makaminsa kuma baka ne. 'Yan bakan Shehu ne suka karya dawakin Yunfa a Tabkin Kwatto a 1804, kuma a Burmi a 1903 kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, wanda ya jagoranci sojojin Turawa.

To bari mu zo ga fata. A wasu ƙasashe ana lulluɓe wa baka baya gaba ɗaya. Dalili shi ne idan aka ja baka, ɓangaren da ke fuskantar abin harbi miƙewa yake yi, ta nan kuma itace ke fara tsagewa. Shi ya sa 'yan asalin Amurka ta Arewa suke manna jijiyar dabba a wurin, wasu su rufe ta da fatar maciji don kada laima ta shiga. Turkawa da Mongol sun wuce nan, sun haɗa ƙaho da itace da jijiya da danƙo. Har yau masu sha'awar sassaƙa baka a Amurka suna rarraba bakunkunansu da sunan fatar da aka manna: ta maciji, ta kifi, ko ɗanyar fata.

Bakanmu ba haka yake ba. Sanda guda ce ake sassaƙawa daga itace mai juriya irin su dargaza, kibiyar kuma kyauro ce ba gashi, ƙarfinta yana ga dafin ƙwanƙwani da aka shafa wa tsininta. Tunda dafi ke kisa, ba a bukatar baka mai tsananin ƙarfi, saboda haka ba a manna masa komai a baya. Naɗi ake yi masa, a wuraren da ake bukata kawai. Don haka a ganina duk wanda zai rarraba fatun bakan Bahaushe, ya fara tambayar aikin da fatar ke yi kafin ya tambayi dabbar da aka feɗe.

Wani tsohon baduku ne a kasuwar Dutsin-Ma ya fahimtar da ni wannan, ranar da na kai masa bakan a naɗe cikin buhu kamar mai ɗauke da kayan sata. Ya juya shi, ya sa farce ya ƙwanƙwasa wani baƙin zobe da ke ƙasa da mariƙi, ya ce, "Yaro, nemo mini ɗinkin nan." Na duba, babu. Ashe fatar wutsiyar sa ce, an zare ta ɗanya kamar yadda ake cire safa, aka zura ta a kan inda itacen ya fara tsagewa. Ɗanyar fata idan tana bushewa tsukewa take yi, ta kama itace tamau, ta yi tauri kamar ƙaho. Ya ce wannan ɗori ne, irin na mai karaya. Ita ma tsirkiya daga ɗanyar fata ake yanko ta siririya a murɗe, shi ya sa da damina take saki, maharbi ya riƙa ɓoye ta daga raɓa.

A mariƙin kuwa jemammiyar fatar akuya ce, wadda majema suka jeme da bagaruwa, aka rina ta ja da karan dafi, duk da dai gumin hannu ya mayar da ita kusan baƙa. Wannan ba ta ƙara wa baka ƙarfin komai, aikinta hana santsi ne da kuma ado. Ya nuna mini yadda ake gane ta: fuskar fatar akuya tana da ɗan kaushi da ƙananan ƙofofin gashi a jere, kuma ba ta yagewa da sauƙi, ta tunkiya kuwa laushi gare ta, tana saɓulewa, wanda ya san abin da yake yi ba ya sa ta a makami. Wannan fatar akuya dai ita ce ayari ke ƙetare hamada da ita, Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko saboda ta can take isa gare su.

Sai ta uku, wadda ya daɗe yana kallo bai yi magana ba. Kusa da kan bakan akwai wani ɗan kumburi da aka rufe da fata mai ƙananan ƙwayoyi kamar tsakin gero. Na ce ta maciji ce. Ya girgiza kai, ya ce ɓawon maciji hawa juna yake yi, in ka shafa a baibai zai tashi. Wannan kuwa a zaune yake, fatar damo ce ko guza, irin wadda ake rufa wa goge. Laya ce aka ɗinke a ciki. Na tambaye shi ko mu farke mu gani, ya ce shi dai ba da wuƙarsa ba. Ban farke ba har yau, ko da yake malaman gidanmu sun sha ce mini in cire ta.

Bayan zuwan Turawa yaƙi da baka ya ƙare, ya koma hannun maharba masu shiga dajin Rugu, su ma daga baya bindigar toka ta fi musu sauƙi. Badukun da ya yi mini wannan bayani ya rasu, 'ya'yansa takalma da jakunkuna suke ɗinkawa. Bara na sauke bakan don in kaɗe masa ƙura, na tarar gara ta ci ƙarshensa na ƙasa wajen tsawon ɗan yatsa, ta zo daidai zoben wutsiyar san nan ta tsaya.