Kafin Alƙalami da Saɓa Yarjejeniya: Shin Sai da Takarda?

Akwai ra'ayin da ke yawo tsakanin wasu masana doka cewa ba a tuhumar mutum da saɓa yarjejeniya sai an nuna sharaɗin da ya karya a rubuce. Idan aka bi wannan, mafi yawan cinikin doya a kasuwar Gwagwalada, inda ake ƙulla magana da baki a gaban dillali, ya fita daga kariyar kotu. Da wuya wannan ya zama daidai.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce sashe na 4 na dokar sayar da kaya ta Ingila ta 1893, wadda Nijeriya ta gada: cinikin da ya kai fam 10 ba a ƙara a kansa sai da rubutu. Amma sashen bai tsaya nan ba. Ya yarda da wasu hanyoyi biyu: mai saye ya karɓi wani ɓangare na kayan, ko ya ba da kafin alƙalami. Ke nan ɗan kasuwar da ya biya rabin kuɗin ƙwarya goma ta doya, manomi ya sayar wa wani don farashi ya tashi, yana da abin kai wa gaban alƙali. Sukan ce ai ba a yanke ranar kawo kaya ba, to me aka saɓa? Sashe na 29 ya ɗora wa mai aiko kaya ya kawo cikin lokacin da hankali zai ɗauka, kuma da alama al'adar kasuwa ce ma'auninsa.

Fiƙihun Malikiyya ma ya fi tsanani: ciniki na tabbata da furucin saye da sayarwa, ko ba a tashi daga majalisi ba. Umarnin rubuta bashi a aya ta 282 ta Suratul Baƙara kuwa, jamhurin malamai sun ɗauke shi mustahabbi.

Wannan hujja ba ta kai ga filaye ba. Can galibi rubutu sharaɗi ne, kuma wata doka ta 1976 ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ƙasar Abuja, Gwagwalada na ciki. Iyakar abin da za a iya cewa shi ne, a cinikin kaya rashin takarda na wahalar da shaida, amma ba ya wanke wanda ya karɓi kuɗi ya ƙi cika alkawari.