Tuta da Tukunya: Tarihin Kalmar "Rico" a Sifaniya

Mai koyon Sifaniyanci kan ruɗe da kalmar rico. Da ita ake kiran attajiri, da ita ake yaba abinci, kuma a Sifaniya mace kan ga jariri ta ce "qué rico" don yaba kyansa. Littattafan koyarwa kan jera waɗannan ma'anoni daban-daban, alhali tushensu ɗaya ne, kuma tarihin ƙasar ne ke bayyana shi.

Yawancin kalmomin Sifaniyanci daga Latin suka fito, amma rico gadon Gotawa ce, mutanen da suka mulki ƙasar daga birnin Toledo har zuwan Musulmi a shekarar 711. A harshensu reiks na nufin mai iko. Shi ya sa a masarautun Kastil da Aragon ake kiran manyan hakimai ricoshombres, kuma alamar darajarsu ita ce tuta da tukunya: tuta domin suna da ikon tara mayaƙa, tukunya domin su ke ciyar da su. Arziki a wancan zamani yana nufin yawan mutanen da ke ci a ƙarƙashin mutum. Da jiragen Sifaniya suka ƙetare teku, sai kalmar ta bi su da ma'anar dukiya irin zinariya da azurfa. Daga nan aka samu sunayen Puerto Rico da Costa Rica, da kuma Cerro Rico, dutsen azurfar Potosi a Bolibiya ta yau, wanda aka fara haƙa a 1545, inda aka tilasta wa 'yan asalin ƙasar aiki har da yawa suka halaka. Kalmar da ta saba da wadata ba ta sha wuyar shiga madafa ba, domin abinci mai rico shi ne wanda ba a yi masa rowar kayan haɗi ba.

Za a iya cewa ɗalibi ba ya bukatar wannan labari, ya ishe shi ya san "es rico" mai kuɗi ne, "está rico" kuwa abin ya yi daɗi. Za a ƙara da cewa asalin kalma na iya ɓatar da mutum, kuma hakan gaskiya ne: mezquino ta fito daga Larabcin da ya ba mu miskini, amma yau marowaci take nufi. Sai dai wannan misali ma shaida ce a kan abin da nake faɗa. Wanda ya tsaya ga asali kaɗai shi zai ɓata, wanda ya bi kalmar zango-zango kuwa zai ga inda ta sauya hanya. Ɗalibin da ya haddace jeri zai tsaya cik idan ya ji "una tierra rica", amma wanda ya san tarihin zai gane nan take cewa ƙasa mai albarkar noma ake nufi.