Karawar Kurket ta Shekara-shekara Tsakanin Najeriya da Maƙwabtanta

Karawar kurket tsakanin Najeriya da Gana tana cikin tsofaffin gasannin ƙasa da ƙasa a Afirka ta Yamma. An fara ta ranar 25 ga Mayu, 1904, a filin sukuwa na Legas, wanda yau ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa, inda 'yan wasan Legas suka karɓi baƙuncin na Gwalkwas, wato Gana ta yau. Baƙin ne suka ci, da ratar maki 22. Shekara ɗaya ke nan da faɗuwar Sakkwato a hannun Turawa, saura shekara goma a haɗe Kudu da Arewa. Ashe wasan ya girmi ita kanta Najeriya a matsayin ƙasa ɗaya.

Kurket wasa ne na mutum goma sha ɗaya a kowane ɓangare. Ana kafa sanduna uku-uku a kowane ƙarshe na wani fili mai tsawon yadi 22. Mai jifa yana neman ya kayar da sandunan da ƙwallo, mai bugu kuma yana kare su da faffaɗar gora, in ya buge ƙwallon ta yi nisa sai shi da abokinsa su yi ta musayar wuri da gudu, kowace musaya maki ɗaya. Jifa shida a jere shi ake kira oba. A tsohon tsari ba a ƙayyade yawan oba, shi ya sa wasa ɗaya kan ɗauki kwanaki.

Bayan karawar farko sai abin ya zama al'ada duk shekara. Da fari baƙaƙe da farare ne ke wasa a ƙungiya ɗaya, amma haɗin bai daɗe ba. A watan Disamba na 1906 aka yi karawar da aka ce ta Turawa ce zalla. 'Yan Afirka ba su tsaya kuka ba, a 1907 suka kafa tasu karawar ta shekara-shekara. Wannan shi ne babi mafi nauyi a tarihin gasar, kuma abin takaici ne: kusan shekara hamsin ƙasa ɗaya tana fitar da ƙungiya biyu saboda launin fata, a wasan da masu shi ke alfahari da cewa yana koyar da adalci. Sai dai rabuwar ta zo da wani alheri da masu yin ta ba su nufa ba. 'Yan ƙasa suka koyi shirya tafiya, tara kuɗi, zaɓen 'yan wasa da alƙalanci da kansu, ta yadda ranar da Turawa suka tattara nasu ya nasu, wasan bai bi su jirgi ba.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da karawar har tsakiyar shekarun 1920. A 1932 Turawa suka kafa ƙungiyar kula da wasan, 'yan ƙasa suka kafa tasu a 1933. Yaƙi na biyu ya sake tsayar da komai bayan wasan 1939. Da aka dawo a 1947, kwana biyar aka yi ana fafatawa a Legas, aka tashi ba wanda ya ci wani. Sai a tsakiyar shekarun 1950 aka rushe katangar launin fata aka koma ƙungiya ɗaya.

A Arewa ta ƙofar makaranta kurket ya shigo. Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, daga baya ta zama Barewa, tana koya wa ɗalibanta shi tare da wasan nan na buga ƙwallo a bango da tafin hannu. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, wanda ya gama kwalejin a 1931, ya yi wasannin biyu yana ɗalibi. Amma wasan bai fita daga harabar manyan makarantu da kulob-kulob na ma'aikata ya shiga unguwa ba. Yana bukatar gora ta musamman, da kariyar ƙafa da ta hannu, da fili mai laushi, ga kuma lokaci mai tsawo. Ƙwallon ƙafa kuwa ko da ƙunshin tsumma ana yin sa.

Bayan samun 'yancin kai gasar ta faɗaɗa. A 1964 aka fara karawa duk shekara da Saliyo da Gambiya, a 1976 kuma ƙasashen huɗu suka haɗa gasa guda, wadda Najeriya ta mamaye kusan shekara ashirin. A wannan shekarar ce hukumar kurket ta duniya, ICC, ta karɓi Afirka ta Yamma a matsayin mamba ɗaya. Nasarar cikin gida ta ɓoye rauni. Tanzaniya ta zo a 1974 ta ci wasa biyu cikin uku, kuma bayan Najeriya ta ɗauki kofin ƙwallon ƙafa na Afirka a 1980, hankalin matasa da na gwamnati ya ƙara karkata can.

A daidai wannan lokaci wasan yana sauya kama a duniya. Ingila ta fara gasar yini ɗaya tsakanin ƙungiyoyin gundumominta a 1963. Ranar 5 ga Janairu, 1971, bayan ruwan sama ya ɓata wasan kwanaki a Melbourne, Ostareliya da Ingila suka yi wasan yini ɗaya na farko tsakanin ƙasashe, 'yan kallo sama da dubu arba'in suka cika fili. Kofin duniya ya biyo baya a 1975. Attajirin talabijin Kerry Packer ya kawo riguna masu launi, farar ƙwallo da wasan dare ƙarƙashin fitilu, daga kakar 1979 kuma Ostareliya ta riƙa shirya gasar ƙasashe uku duk shekara. A hankali aka tsaya a kan oba 50 ga kowane ɓangare. Ga ƙasashe irin namu, inda ɗan wasa ɗalibi ne ko ma'aikaci, wannan gajartawa ita ce ta sa shiga gasar duniya ya yiwu.

Da sunan Afirka ta Yamma 'yan wasan Najeriya suka je gasar ICC ta ƙananan ƙasashe a Ingila a 1982, a Kenya a 1994, da Maleshiya a 1997. A 2001 rashin biza ya hana su zuwa Kanada. Haɗakar ta watse, Najeriya ta zama mamba da sunanta a 2002. Tsohuwar gasar maƙwabta ta rasa matsayinta na dā, domin yanzu jadawalin ICC ne ke faɗin wanda za a kara da shi, kuma yawancin wasannin da Gana ko Saliyo na oba 20 ne.

Sakamakon ya fara fitowa daga ƙananan yara. A 2019, a Namibiya, yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka sami gurbin kofin duniya na oba 50 da aka yi a Afirka ta Kudu a 2020, karo na farko a tarihin ƙasar. Shugaban hukumar kurket ta ƙasa a lokacin, Farfesa Yahaya Ukwenya, likita ne a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kyaftin ɗin yaran kuma, Sylvester Okpe, a Kaduna ya koyi wasan. Sun sha kashi a hannun Ostareliya da Ingila, suka ci Japan. A Janairun 2025 'yan matan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand da maki biyu a Maleshiya.

Da yawa daga cikin waɗannan yara a makaranta aka gano su, kamar yadda aka gano na Katsina shekara ɗari da suka wuce. Shugabannin makarantun sakandare a Zuru, Yawuri da Birnin Kebbi suna da fili, suna da yara masu ƙarfin jifa da gudu. Ya kamata su nemi hukumar kurket ta ƙasa ta turo musu kayan wasa da mai koyarwa.