Gurasar da Ta Yi Ado

Ran nan da hunturu ƙanwata ta dawo Guri hutu daga makaranta, ta tarar da ragowar naman zomon da muka ci da daddare. Sai ta kwaɓa garin alkama da yis, ta shimfiɗa a kasko, ta shafa markaɗaɗɗen tumatir, ta yayyaga naman a kai da albasa da tattasai, ta rufe, ta zuba garwashi a kan murfin. Da ta sauke ta ce sunansa fiza, abincin Italiya. Kakarmu ta gutsura, ta tauna a hankali, ta ce, "Ke 'yar nan, ai gurasa ce ta yi ado." Wannan magana ce ta sa na bi sawun tarihin abin da ke cikin kaskon.

Na fara da alkama. Sunanta ma Balarabe ne, haka gurasa da tanderun da ake gasa ta. Fataken Gadamas da Tarabulus da suka zauna a Kano, a unguwanni irin su Dandalin Turawa, suna cikin waɗanda suka saba wa birnin da cimar alkama. Kanawa suka karɓi gurasa, suka yayyafa mata ruwa, suka barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji da man gyaɗa, ta zama bandashe. Ashe ɗora mahaɗi a kan faifan alkama ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa.

Ita ma fiza ba a fada aka haife ta ba. Abincin talakawan birnin Nafoli ce, masu saye a bakin titi su ci a tsaye. Tumatirin da ke kanta baƙo ne daga nahiyar Amurka, bai isa Turai ba sai ƙarni na 16. Ana ba da labarin cewa a 1889 aka gasa wa Sarauniya Margarita wata iri aka sa mata sunanta. Daga baya 'yan ci-rani suka kai fiza Amurka, ta game duniya.

Amma tarihin da ya fi taɓa ni shi ne na fadamarmu. Kakanninmu sun noma alkama kaɗan-kaɗan da sanyin hunturu, suna ɗebo ruwa da jigo, bayan kogin Haɗeja ya malala ya janye. A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 ta Challawa, sai tafiyar ruwan ta sauya. A tsakani, a 1987, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama daga waje. Farashi ya tashi, injinan ban-ruwa suka maye gurbin jigo, aka sare kurmi aka mai da shi gona. Mahaifina ya ce a shekarun ne ya fara ganin kuɗi a hannunsa, a shekarun ne kuma makiyaya suka fara rasa hanyar mashaya, zomon daji ya yi nisa da gari. Daga baya ciyawar kacalla ta toshe magudanai, ta cinye gonakin da ruwa ya daina janyewa daga cikinsu.

Shi ya sa zomon da ƙanwata ta yayyaga ba na farauta ba ne. Na gida ne, a keji muka kiwata shi da harawa da dusa. Alkamar kuwa ta 'yar gonar da kacalla ta rage mana ce. Kakarmu, wadda ta ga yunwar 1973, ba ta yarda a zubar da ko loma ɗaya. A wurinta darajar abincin nan ita ce ragowa ba ta lalace ba, ko me aka kira shi.

Hausawa sun ce zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. Haka gurasa da fiza: alkama da talauci suka tara su. Tsorona kawai shi ne ranar da jikokinmu za su iya gasa duka biyun, amma babu ƙwaya ɗaya ta alkamar Guri a cikin kwaɓin.