Amsoshin Takardunku: Jirgin Da Ya Kwana Da Bama-bamai A Bakin Bur Sudan

Takardar wannan mako ta fito daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau. Ya ce ya ji wai akwai Turawan da ke biyan kuɗi su nutse ƙarƙashin teku don ganin jiragen da suka nutse lokacin yaƙi. Yana tambaya, shin gaskiya ne? In gaskiya ne, zinariya suke nema? Kuma yaya suke numfashi?

To Alhaji, gaskiya ne. Amma ba zinariya suke nema ba, kallo ne ke kai su. Bari in ba ka tarihin ɗaya daga cikin jiragen da aka fi zuwa gani, wanda ke kwance a Bahar Maliya, daf da Bur Sudan, wato gaɓar da kakanninmu masu zuwa Makka ta ƙasa suke ƙetarewa zuwa Jidda ta Sawakin. Sunansa Umbria.

An ƙera shi a Hambug ta Jamus, ya fara aiki a 1912 da sunan Bahia Blanca. Tsawonsa ya kai mita 150. A 1935 Italiya ta saye shi ta sake masa suna, ta riƙa jigilar sojoji da shi zuwa gabashin Afirka, lokacin da Musolini ya far wa Habasha.

A watan Mayu na 1940, yaƙin Hitila na ci a Turai amma Italiya ba ta shiga ba tukuna. Sai aka yi wa Umbria lodi a tashoshin Italiya: bama-bamai 360,000, nauyinsu kimanin tan 6,000, ga siminti, ga motoci. Ku da kuka san lodi, in tirela na ɗaukar tan 30, to kayan tirela 200 ke nan na bom kaɗai. Aka nufi Masawa ta Eritiriya da su, inda sojojin Italiya suke.

Ingilishi ke riƙe da mashigin Suwez a lokacin. Sun san abin da ke cikin jirgin, amma ba su da hujjar ƙwace shi, tunda ba su fara yaƙi da Italiya ba. Suka yi ta jan ƙafa, daga baya suka bar shi ya wuce, amma suka sa jirgin yaƙinsu mai suna Grimsby ya bi sawunsa. Ran 9 ga Yuni suka tilasta masa ya tsaya kusa da Bur Sudan, wai za a yi bincike, sojojinsu suka hau suka kwana a ciki.

Nan ne rediyo ya yi aikinsa. Ran 10 ga Yuni, kyaftin ɗin jirgin, Lorenzo Muiesan, ya kunna rediyonsa sai ya ji Italiya ta shelanta yaƙi da Ingila da Faransa. Sojojin Ingilishi da ke cikin jirgin ba su ji ba tukuna. Ya san in suka ji, kayan nan sun zama ganima, kuma a kan 'yan ƙasarsa za a zubar da su. Sai ya nemi izini wai zai gwada wa ma'aikatansa yadda ake shiga kwale-kwalen ceto, aka ba shi. A ɓoye kuma ya sa aka buɗe wa ruwa hanya ta ƙasan jirgi. Kafin Ingilishi su farga, ruwa ya ci ƙarfinsa, kowa ya yi ta kansa. Ba a rasa rai ba, aka kama kyaftin da mutanensa fursunonin yaƙi. Shekarar da ta biyo, 1941, sojojin Nijeriya na cikin waɗanda suka fatattaki Italiya daga Somaliya zuwa Habasha. Ka ga da kayan sun isa inda aka nufa, wataƙila da wasu a kan 'ya'yanmu za su sauka.

Yanzu batun numfashi. A 1943 wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera na'urar da ake amfani da irinta har yau. Mai nutso yana goya tukunyar ƙarfe kamar ta gas, wadda aka danƙara wa iska irin wadda muke shaƙa. Tiyo ya fito daga ciki zuwa bakinsa, yana ba shi iska daidai lokacin da ya ja numfashi. Ga tabarau mai rufe ido da hanci, ga takalmin roba mai faɗi kamar ƙafar agwagwa. Tukunya ɗaya takan kai mutum kusan awa guda, amma in ya yi zurfi sai ta fi saurin ƙarewa.

Abin mamaki, fitowa ta fi shiga haɗari. Duk mita 10 da ka yi ƙasa, ruwa na ƙara danne ka, wani ɓangare na iskar da ka shaƙa kuma na narkewa cikin jini. In ka taso da gaggawa sai ta yi kumfa a jiki, kamar yadda lemun kwalba ke yi in an ɓalle murfi. Wannan kan kawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko ma ajali. Shi ya sa suke tasowa sannu-sannu, su tsaya minti 3 in saura mita 5. Ba a shiga sai da abokin tafiya, kuma masu yi don sha'awa ba sa wuce mita 40.

Umbria kuwa yana kwance ne ta gefen hagunsa. Samansa na kusa da fuskar ruwa, ƙasansa kuma ya haura mita 30, wato kamar rijiya gaba 18 ko 20. Tun 1949 wani Bature ɗan Ostiriya, Hans Hass, ya nutsa ya ɗauko hotunansa, daga nan sunansa ya bazu. Wanda ya shiga zai ga motoci ƙirar Fiat guda uku, da kwalabe birjik, da buhunan siminti da suka daskare suka zama dutse, murjani ya lulluɓe ƙarfe, kifaye sun mai da ɗakunan gida. Sannan ga bama-baman nan a jere, kamar buhunan gero a sito.

To a nan gizo ke saƙa. Sama da shekara 80 ke nan, kayan na nan ba a kwashe ba, a bakin tashar da Sudan ta dogara da ita wajen shige da ficen kaya. Taɓa su ya fi barin su haɗari, saboda haka dokar masu nutso ita ce a kalla, kada a taɓa, kada a ɗauko ko ƙusa. Wasu jiragen ma kaburbura ne. Jirgin yaƙin Ingila mai suna Royal Oak, wanda Jamusawa suka nutsar a 1939 da mutum sama da 800, an hana kowa nutso a kansa sai da izinin hukuma.

Jama'a, ana sa hannu a takardar sulhu a yini ɗaya, amma abin da yaƙi ya bari yakan fi waɗanda suka yi shi tsawon rai. Har gobe manoman Faransa da Beljiyam na tono harsasan igwa na yaƙin 1914 da garmarsu. Mu ma a yankunan da aka yi fama da rikici, manomi ko mai sayen gwangwan ya ga wani ƙarfe da bai gane ba, ya ɗauki dokar masu nutso. Kada ya ɗaga, kada ya buga, kada ya kai wa maƙeri. Ya sa alama daga nesa, ya kore yara da dabbobi, ya sanar da mai unguwa ko jami'an tsaro. Tsatsa ba ta kashe bom.

Alhaji, da fatan ka gamsu. Masu tambaya a ci gaba da aiko da takardu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.