Jemagun Abidjan da Tarihin Masu Gadin Lambu

Duk wanda ya bar Bracodi a Adjamé da yamma, ya nufi Treichville ta unguwar Plateau, zai iske sararin sama ya yi duhu da jemagu tun rana ba ta gama faɗuwa ba. Dubbai ne, suna wuni a reto bisa itatuwan bakin titi, a tsakiyar unguwar da Faransawa suka mayar cibiyar mulki lokacin da Abidjan ta zama babban birnin Kodebuwa a 1934. Waɗannan manyan jemagu ne masu cin 'ya'yan itace, waɗanda masana ke kira Eidolon helvum, kuma su ne suka jawo wa dangi duka baƙin jini a wurin mai mangwaro da gwaiba. Ko su ma suna da rana, domin suna watsa irin itatuwan daji irin su iroko.

Sai dai ya kamata ɗalibi ya lura cewa kalmar jemage ta haɗa halittu biyu masu bambancin abinci. Akwai ƙanana da ke maƙalewa a ƙarƙashin rufin kwano da kogon itace, ba ruwansu da 'ya'yan itace, ƙwari kaɗai suke farauta. An daɗe ba a fahimci yadda suke yin haka cikin duhu ba. Tun a 1793 Lazzaro Spallanzani na Italiya ya gano cewa jemage makaho yana kauce wa shinge, amma sai wajen 1940 Donald Griffin ya tabbatar a Amurka cewa wata siririyar ƙara yake fitarwa, wadda kunnen ɗan Adam ba ya ji, sannan ya saurari amsa-kuwwarta.

Wanda ya yi fice wajen neman ɗaukar jemage aiki shi ne wani likita a birnin San Antonio na jihar Texas, Charles Campbell. A 1911 ya gina musu hasumiyar katako a bakin tafkin Mitchell, da nufin su cinye sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro. Jemagu sun tare, har ya riƙa sayar da kashinsu a matsayin taki. A ganina likitan ya yi daidai a kan dabbar, ya kuskure a kan abincinta, domin daga baya an gane cewa jemagun yankin sun fi cin malam-buɗe-littafin dare, wanda tsutsarsa ke ɓarna a gona. Ashe manomi suke yi wa aiki fiye da majinyaci. Kafin wannan fahimta ta kankama, maganin ƙwari na DDT ya mamaye gonaki bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka yi watsi da zancen shekaru da dama.

Da zancen ya dawo, da alƙaluma ya dawo. A 2011 Justin Boyles da abokan aikinsa suka ƙiyasta a mujallar Science cewa jemagu na tanadar wa noman Amurka aƙalla dala biliyan 3.7 duk shekara. Abin da ya fi kusa da mu shi ne gwajin da Bea Maas ta jagoranta a tsibirin Sulawesi na Indonesiya, wanda aka wallafa a 2013. Sun lulluɓe bishiyoyin koko da raga don hana tsuntsaye da jemagu isa gare su, sai ƙwari suka yawaita, amfanin ya ragu da kashi 31 cikin 100. A lardin Limpopo na Afirka ta Kudu ma an sami ɓurɓushin ƙwarin da ke ɓata 'ya'yan makadamiya a cikin kashin jemagu.

Kodebuwa ce ke samar da kusan kashi 40 cikin 100 na kokon duniya, kuma manomanta sun daɗe suna fama da ƙwarin da ke tsotse ruwan rassa da 'ya'yan bishiyar, suna kashe kuɗi a kan feshi. Duk da haka, tun bayan annobar Ebola da ta faro daga ƙauyen Meliandou na Gini a ƙarshen 2013, inda aka zargi wani ƙaramin jemage mai cin ƙwari, tsoro ya ƙaru a yankin. Tsoron yana da dalili, taɓa jemage da hannu ko cin namansa kasada ce. Amma mai lambun da ya toshe kowane kogo, ya sare tsofaffin itatuwan inuwa, ya kori mai gadin da ba ya karɓar albashi, ya kuma ƙara wa kansa kuɗin magani.