Matsayin Maigatari: Karkara ko Birni?

A ƙasar Hausa ta dauri, ganuwa da fadar sarki su ne ke raba birni da karkara. Bisa wannan ma'auni, Gumel ce birni tun da sarauta ta baro Tumbi a 1845, Maigatari kuwa garin hakimi ne. Sai dai hanyar mota ta kusanto da su, har ma'aikaci kan kwana a ɗaya ya yi aiki a ɗaya, kuma kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis tana tara fatake daga Nijar.

Nauyin tambayar ya bayyana a Dokar Filaye ta 1978, wadda ta damƙa filin birni ga gwamna, na karkara ga ƙaramar hukuma. Ke nan matsayin da aka ba garin shi ke nuna wa manomi inda zai nemi takardar gonarsa.